Haƙƙin Gidan da Rumbunsa Ya Ƙare

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da ruwa ya rayar da gonaki, ya kuma sanya wa matalauci rabo a cikin dukiyar mawadaci. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo ya shafi gidajen da ke cikin ƙunci a unguwanninmu da ƙauyukanmu, da yadda ƙungiyoyin agaji, da ƴan sa kai, da ƴan kasuwa ke tallafa musu. Jama'armu ba ta rasa masu kyauta ba, domin duk wanda ya zauna Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai ya ga yadda ake fitar da sadaka ranar Jumu'a da cikin watan azumi. Abin da muke son mu duba shi ne lokacin da taimakon ke isa, da hannun da yake isa, da halin da yake tarar da gida a ciki. Taimakon da ya zo tun akuya tana turke, tun gona tana hannun mai ita, tun irin shuka yana cikin tukunya, shi ne ke tsayar da gida. Wanda ya zo bayan an rabu da waɗannan, yakan kashe yunwar kwana biyu ne kawai, talaucin kuwa yana nan zaune.

Yunwa tana da lokacinta

Ku sani cewa yunwar ƙasarmu ba baƙuwa ba ce mai zuwa ba sallama. Kowane manomi ya san watanninta. Da kaka hatsi yakan yi arha, ƙaramin manomi kuwa a lokacin ne buƙatu ke taso masa: biyan bashi, da haraji, da suturar iyali, da biki, da kuɗin motar cin rani. Sai ya kai hatsinsa kasuwa ya sayar da arha. Idan bazara ta wuce, damina ta kankama, daga Yuni zuwa Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa ya sayi hatsin nan da tsada.

Daga nan matsala take haihuwar ƴar uwarta. Magidancin da ba shi da abin da za a dama a gida ba ya iya tsayawa noman gonarsa. Dole ya tafi ƙwadago gonar wani domin ya samo tiya ɗaya ta yini, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Kafin ya juyo ta ci ƙarfin shukarsa, da kaka ya girbe abin da bai kai na bara ba. In ƙwadago bai ishe shi ba, ya sayar da akuyar uwargida a lokacin da dabba ba ta da daraja. In hakan bai ishe shi ba, ya ci bashin hatsi da sharaɗin ƙari. Ƙarshen tafiyar shi ne jinginar da gona, mai gona ya koma ɗan ƙwadago a cikin gonar ubansa.

Wanda ya fahimci wannan jeri zai gane cewa buhu ɗaya a watan Yuli ya fi buhu uku a watan Nuwamba amfani ga irin wannan gida. Kuma zai gane cewa taimakon watan Yuli tun da kaka ake shirya shi.

Abin da shekarun baya suka nuna

Dattawanmu suna tuna farin 1973 da 1974, wanda ya ƙarar da garken makiyaya, ya kori mutane zuwa birane. Suna tuna yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutanen karkara suka laƙaba wa suna El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi, magani da kayan waje suka yi tsada a hannun talaka. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a wasu yankuna, sai 2005 ta zo da masifar da duniya ta ji labarinta.

Akwai darasi babba a cikin 2005. Jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi noma a ƙasar nan, amma tana cikin waɗanda suka fi fama da tamowar ƙananan yara a waccan shekara, har likitocin ƙungiyar MSF suka yi jinyar dubun dubatar yara. Kasuwanni ba su rasa hatsi ba, kuɗin buhu ne ya ninka ya fi ƙarfin talaka. Mutane suka koma cin anza da ganyaye alhali shaguna suna da kaya. Agajin waje ya zo, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo shi, amma ya zo ne bayan gidaje masu yawa sun riga sun rabu da dabbobinsu.

A 2019 dubban mutane suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, suka shigo yankin Gidan Runji. Kafin manyan ƙungiyoyi su kafa sansani, mutanen ƙauyuka ne suka buɗe musu ɗakuna suka raba fura da su. A daminar 2024 ambaliya ta halaka fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. A nan ma maƙwabta ne suka fara janye mutane daga ƙarƙashin gini. Duk waɗannan shekaru abu guda suke nunawa: agaji na nesa yana da amfani, amma na kusa shi ke fara isa, shi kuma ke saura bayan motocin baƙi sun koma.

Zakka haƙƙi ce

Tushen taimako a Musulunci shi ne zakka, kuma wajibi ne mu san hukuncinta kafin mu yi maganar tsari. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade jinsi takwas na masu cin zakka, ta fara da faƙirai da miskinai, ta kuma haɗa da waɗanda bashi ya danne da matafiyin da guzurinsa ya yanke. Saboda haka ba a gina masallaci da zakka, ba a sayen lasifika da ita, ba a ba da ita ga wanda ciyar da shi ya wajaba a kan mai dukiya, kamar matarsa da ƙananan ƴaƴansa da iyayensa matalauta.

Nisabin hatsi wasaƙi 5 ne, kowane wasaƙi sa'i 60, wato sa'i 300 bayan an sussuke an sheƙe. Malaman zamani sun ƙiyasta shi da kimanin kilo 650, wato buhu 6 da rabi na kilo 100. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin 10, shi ya sa manomanmu suka saba da dami ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da wahala, kamar noman rani na rijiya da inji, ana fitar da ɗaya cikin 20. A mazhabar Imamu Malik, gero jinsi ne daban, dawa daban, shinkafa daban, ba a haɗa su domin cika nisabi, amma wake ana haɗa shi da danginsa. Awaki da tumaki in sun kai 40 ana fitar da ɗaya, shanu suna farawa daga 30, raƙuma daga 5. Kuɗi da kayan ciniki, in sun kai darajar giram 85 na zinariya ko giram 595 na azurfa, shekara kuma ta kewayo, ana fitar da kashi 2 da rabi cikin 100. Mai shagon da kayansa ke shiga suna fita kullum yana ƙimanta hajarsa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin da ke hannunsa, ya fitar.

Akwai hukunce-hukunce huɗu da ake yawan sakaci da su. Na farko, zakka ana raba ta ne a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, sai fa in akwai waɗanda suka fi buƙata a nesa. Attajirin da gonarsa ke ƙauye kada ya kwashe zakkar hatsin zuwa birni ya bar waɗanda suka yi masa noma da yunwa. Na biyu, ba a jinkirta ta bayan ta wajaba. Na uku, wanda yake bin matalauci bashin da ya kasa biya, ba ya halatta ya ce ya bar masa a madadin zakka, domin dukiyar da ya riga ya fid da rai da ita ce yake son ya tserar. Na huɗu, malamanmu sun halatta a ba faƙiri ɗaya abin da zai ishe shi shekara. Wannan ya nuna cewa tsattsaga zakka dala dala ga duk wanda ya tsaya a ƙofa, ko da ta sauke farilla, ba ta kai amfanin a zaɓi gida biyu ko uku a fitar da su daga ƙunci ba.

Rumbun jama'a

Allah ya ba mu labarin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya shawarci mutanen Masar da su ajiye hatsin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa domin shekarun fari. Kakanninmu da wannan dabara suka rayu, domin geron da aka jera a rumbu da zangarniyarsa yakan yi shekaru bai lalace ba. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito yabon da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'ariyyawa, mutanen Yaman, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai. A shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya auka wa Hijaz, Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya rubuta wa gwamnoninsa, ayarin abinci ya zo daga Masar da Sham, shi kuma ya hana kansa cin man shanu har mutane suka samu sauƙi.

A ƙasar nan gwamnati ta kafa ma'aikatar OPVN a 1970 domin ajiyar cimaka, kuma bayan manyan fari an buɗe bankunan cimaka a ƙauyuka da yawa, inda ake sayen hatsi da kaka a sayar wa mutanen gari da sauƙi a tsakiyar damina. Waɗansu sun ɗore. Waɗansu sun mutu, kuma cutar da ta kashe su sananniya ce: bashin da ba a biya ba, da mabuɗi a hannun mutum ɗaya, da rashin rubutu.

Jama'ar kowane masallaci tana iya kafa irin wannan rumbu gwargwadon ƙarfinta. Ga misali domin lissafi. Masallacin da magidanta 60 ke salla a cikinsa, in kowa ya kawo tiya 5 da kaka, an tara tiya 300, wato buhu 7 da rabi, tun da buhu yana ɗaukar kimanin tiya 40. Wannan ya isa a ba gida 10 tiya ɗaya kullum har kwana 30. Kwana talatin ɗin nan, in sun dace da noman farko da maimai, su ne ke bar wa magidanci damar tsayawa a gonarsa.

Sai dai a kiyaye wani bambanci. Rumbun nan da sadaka da wakafi ake cika shi. Zakka ba a tsare ta a rumbu ana jiran damina, ba a kuma ba da ita rance, domin mallakar masu ita ce tun ranar da ta wajaba. In an miƙa wa faƙiri rabonsa, shi da kansa ya ga dama ya ba da ajiyar wani sashe har zuwa damina, wannan ajiya ce, a rubuta ta da sunansa, a ba shi duk ranar da ya nema. Amma hatsin sadaka da na wakafi ana iya ajiye shi, a ba marar ƙarfi kyauta, a ba mai ƙarfi rance. Da yawa daga malaman mazhabarmu sun halatta wakafin abinci da na kuɗi domin a riƙa rantawa ana mayar da kwatankwacinsa. Sharaɗin shi ne tiya da tiya, babu ƙarin ko cikin tafi.

Rabon ƴan kasuwa

An san alhazan Maraɗi da na Damagaram da gina masallatai, da haƙa rijiyoyi, da rabon hatsi da sukari a watan azumi. Suna da magabaci a cikin sahabbai, domin Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita ta jama'a, Sayyidina Umar kuma ya yi wakafin gonarsa ta Haibara. Allah ya karɓa daga gare su. Amma muna tunatar da ƴan uwanmu ƴan kasuwa cewa babban taimakonsu ga talaka yana cikin cinikin kansa, kafin a zo maganar kyauta.

Na farko shi ne barin ɓoye abinci. Wanda ya ajiye abin da ya noma, ko ya saya lokacin yalwa ba tare da ya ƙuntata wa kasuwa ba, babu laifi a kansa. Amma wanda ya share kasuwa, ya kulle shago yana jiran kukan mutane ya ƙaru domin kuɗin buhu ya hau, wannan shi ne ihtikari da shari'a ta hana. Buhu ɗari na sadaka a watan azumi ba ya wanke buhu dubu da aka ɓoye a watan Agusta.

Na biyu shi ne barin riba. A ba manomi dami ɗaya da damina a karɓi biyu da kaka riba ce tsantsa, ko da an saba da ita, ko da shi manomin ne ya zo yana roƙo. Haka nan a ba mutum rance a karɓi gonarsa jingina, mai kuɗi ya yi ta nomanta yana cin amfaninta, bashin kuwa yana nan bai ragu ba: wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma haramun ne. Shari'a ta buɗe ƙofar halal, wato cinikin salam, inda ake ba manomi kuɗi hannu da hannu a kan hatsi mai sanannen awo da sanannen lokaci. Amma a ji tsoron Allah wajen yanke kuɗin, kada a mai da matsuwar ɗan uwa abin farauta. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna cewa yafe masa ya fi alheri.

Na uku shi ne taimako da sana'ar kanta. Mai kamiyo yana iya ɗauko hatsin rumbun jama'a daga kasuwar ƙauye ba tare da kuɗin mota ba. Mai injin niƙa yana iya yafe wa gidan marayu. Mai shago yana iya ba da wurin ajiya, ko ya tsaya ya sayo wa jama'a da kuɗin sari, tun da ya fi liman sanin kasuwa. Tela da makaniki da kafinta da mai walda suna iya ɗaukar maraya su koya masa aiki, wannan kuwa sadaka ce da ba ta ƙarewa da ƙarewar buhu. Mai jari yana iya ba saurayi amintacce kuɗi bisa ƙiradi, su raba ribar ciniki kamar yadda suka yi sharaɗi, in an yi hasara ba da sakaci ba ta faɗa kan jari.

Rabon ƴan sa kai da na mata

Wanda ba shi da hatsi ko kuɗi yana da ƙarfinsa da ƙafarsa. Gayya tsohuwar al'adarmu ce, kuma addini ya ƙarfafa ta. A zamanin Shugaba Seyni Kunce an farfaɗo da samariya, matasa suka gina ɗakunan lakwal da hannunsu. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar, wadda aka kafa a 1963, da ƴan sa kai take aiki, haka ma ƴan agajin ƙungiyoyin addini da muke gani a filin idi. Samari goma da haiwa da kalme, safiya ɗaya ta ishe su nome gonar tsohuwa ko ta majinyaci. Kafin ruwa ya sauka suna iya yaɓe ɗakin da ke yoyo, su share magudanar unguwa. Yaron da aka ga yana ramewa, gashinsa yana ja, ko ƙafafunsa suna kumbura, a gaggauta raka uwarsa gidan likita, domin tamowa tana da magani in an kai da wuri.

Mata kuwa su ne idon wannan aiki. Namiji yana iya sallar shekara a sahu ɗaya da maƙwabcinsa bai san cewa gidan ya kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Mace takan sani, domin tana jin gidan da turminsa ya yi shiru. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, bayansa kuwa sai maƙwabciya. Saboda haka duk tsarin da aka yi ba tare da shawarar dattawan mata ba, zai riƙa tsallake gidajen da suka fi buƙata: na matan da mazansu suka rasu, da zawarawa masu goyo, da matan ƴan cin rani waɗanda saƙo ya yanke musu.

A 1991, a jahar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka gina a kan adashen da mata suka riga suka sani. Mata ashirin da wani abu zuwa talatin suna haɗuwa kowane mako, su zuba abin da suka iya a asusu, su ranta wa junansu jari, su kuma ware wani abu domin ciwo da haihuwa da rasuwa. Daga ƙauyukanmu tsarin ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta. Nasiharmu ga duk masu asusu, mata da maza, ita ce su tsarkake shi daga ƙari a kan rance. In ana son asusu ya haɓaka, a yi ciniki da kuɗin, a sayi kaya a sayar, a raba abin da aka samu.

Akwai kuma aron dabba. Mutanen Madina sun kasance suna ba ɗan uwansu aron raƙuma ko akuya mai nono ya sha ya mayar, kuma hadisi ya yaba wannan kyauta. Fulani suna da haɓɓanaye, inda ake ba wanda garkensa ya ƙare karsana ya riƙe har ta haihu, ya ɗauki ƴaƴan ya mayar da uwar. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka sani da yawan haihuwar tagwaye, ta dace da wannan aiki. Akuya ɗaya a hannun uwar marayu nono ce ga yara, kuma jari ce, in ta hayayyafa a miƙa uwar ga wani gida.

Amana da mutunci

Abu biyu ke kashe aikin taimako: cin amana da wulaƙanta mabuƙaci. Game da amana, ku tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba zargi ba ne, kariya ce ga mai riƙo. A zaɓi mutum uku amintattu, ɗaya ya riƙe mabuɗi, ɗaya ya riƙe littafi, ɗaya ya tsaya kan awo, kada a buɗe rumbu sai suna tare. Lokaci lokaci a sanar da jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita da abin da ya rage, ba tare da ambaton sunan waɗanda aka ba ba. Masu riƙon kada su yanka wa kansu lada daga zakka da sunan ma'aikatanta, domin wannan rabo na wanda shugaba ya naɗa ne. Tarihin ƙasarmu ya isa wa'azi, tun da karkatar da abincin agaji yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin juyin mulkin Afrilun 1974.

Game da mutunci, aya ta 273 ta wannan sura ta siffanta matalautan da ba su roƙo, waɗanda wanda bai san su ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kansu. Irin waɗannan ba za su taɓa shiga layi a ƙofar attajiri ba, sai dai a bi su gida. Taron rabo kuma yana da haɗari: a Fabrairun 2020, a Difa, turmutsitsi wurin rabon kayan agaji ya halaka kimanin mutum 20, yawancinsu mata da yara. Mai ƙarfi shi ke kutsawa gaba, tsohuwa da mai goyo su koma hannu banza. Hanyar da ta fi ita ce a san gidajen tun da wuri tare da mai unguwa da dattawan mata, a kai musu da dare ko da asuba, ta hannun wanda ba ya yawan magana. Aya ta 264 ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Ɗaukar hoton mabuƙaci yana karɓar buhu ana yaɗawa a wayoyi, muna jin tsoron ya shiga cikin wannan cutarwa, domin ƴaƴansa za su girma su tarar da hoton.

Kada kuma a tambayi mai jin yunwa ƙungiyarsa ko ɗariƙarsa ko jam'iyyarsa. Maƙwabcin da ba Musulmi ba, ko da ba ya cin zakka, yana da haƙƙin maƙwabtaka, kuma sadakar ganin dama ta halatta a gare shi.

Abin da muke kira gare shi

Ya ku ƴan uwa, muna kira ga jama'ar kowane masallaci da su zauna tun kafin a yanke gero. A tunatar da manoma da makiyaya da ƴan kasuwa zakkarsu, a taimake su lissafi, a nuna musu gidajen da suka cancanta. A buɗe rumbun sadaka, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ko da rabin tiya ne. A rubuta sunayen samarin da za su yi gayya. A nemi ƴan kasuwar unguwa kowa ya faɗi abin da zai ɗauka daga sana'arsa. In akwai bankin cimaka ko asusun mata ko wata ƙungiyar agaji a garin, a haɗa hannu da su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kada gida ɗaya ya samu sau uku na kusa da shi bai samu ko sau ɗaya ba. Sa'an nan a yi haƙuri, domin aikin jama'a ba ya rasa ƙorafi, kuma wanda ya nemi yabon mutane a cikinsa ba zai daɗe ba.

Ya Allah, ka ba mu damina mai albarka, ka kiyaye mu daga fari da fara da ambaliya. Ka wadata matalautanmu, ka sanya tausayi a zukatan mawadatanmu, ka ji ƙan iyayenmu da malamanmu, ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.